Wata takwas yana shan maganin ciwon hanta, gwaji kuma na cewa har yanzu tana nan

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar lafiya ku taimaka min. Maigidana ne aka gano yana da ciwon hanta nau'in B lokacin da yaje bada jini, likita ya ɗora shi kan tenofovir ƙwaya ɗaya kullum, yau wata takwas kenan ko rana ɗaya bai tsallake ba don ni da hannuna nake miƙa masa bayan isha'i. To jiya ya biya wani leb a unguwa aka ɗiga jininsa a kan ɗan tsinken nan, layi biyu suka fito, wai HBsAg, wato alamar ƙwayar cutar a jini, har yanzu fositif. Tunda ya dawo ko tuwo bai kalla ba, yace asarar kuɗi kawai yake, Hajiyarsa kuma har ta aiko da jarkar jiƙo wai ya ajiye ƙwayar. Maganin ne baya aiki ko jabu muka saya?

Ɗan Leb:
Wa'alaikumus salam Maman Khalil, ki kwantar da hankalinki, ba da wannan tsinken ake gane aikin magani ba, shi iyakarsa yace akwai ko babu. Tenofovir hana ƙwayar cutar hayayyafa yake yi, amma baya tumɓuke ta daga inda ta ɓuya a cikin hanta, shi yasa mutum zai yi shekara biyar yana sha HBsAg na nan daram kuma hantarsa lafiya lau, 'yan kaɗan ne ƙwarai yake ɓace musu.

Abin da likita ke kallo shine HBV DNA, wato yawan ƙwayar cutar a cikin jini, ana so tayi ta sauka har na'ura ta kasa ganinta, wani cikin watanni wani sai ya haura shekara in da farko tayi yawa sosai. Sai ALT, wasu takardun suna rubuta SGPT, shi ke nuna ko hanta na cikin kumburi, in ya sauko ya zauna to wuta ta lafa. Kuma a riƙa duba ƙoda da gwajin kiriyatinin aƙalla sau ɗaya a shekara don tenofovir kan taɓa ta ga wasu, wannan mutane na yawan mantawa da shi.

Baban Ummi:
'Yar uwa ki roƙe shi da girman Allah kar ya ajiye ƙwayar nan. Ni na taɓa yi, naga jikina garau na daina, wata uku ba'a yi ba idona ya koma ɗorawa fitsarina kamar shayi ba madara, ƙamshin miya ma tayar min da zuciya yake, kwana tara nayi a gadon asibiti, likita yace cutar ce ta taso gaba ɗaya da aka sake ta. Jiƙon kuma kar ya sha, hantar ce dai zata tace shi kuma ba wanda ya san me aka zuba.

Anti Bilki:
Ni nau'in C nayi kuma irin wannan ruɗanin na shiga. Na sha sofosbuvir da daclatasvir sati 12, bayan na gama da wani sati 12 aka yi min HCV RNA, gwajin neman ƙwayar cutar C a jini, ba'a ga komai ba likita yace na warke, amma har gobe tsinken fositif yake nuna min saboda sojojin jiki yake gani ba cutar ba. Sai dai kar a haɗa, C ana warkewa a daina magani, B yawanci sha ake ta yi.

Maman Khalil:
Allah ya saka muku da alheri wlh har naji sanyi. Na zazzage ledar takardunsa yanzu, ALT na farko 94, na watan jiya 31. DNA sau ɗaya aka yi tun farko, kuɗin ne ya hana mu maimaitawa.

Ɗan Leb:
To kinga aiki na kyau kenan, ki nuna masa takardun biyu gefe da gefe. Amma ALT kaɗai baya wadatarwa, ku fara tara na DNA kafin ya cika shekara, ku tambayi likitansa maganar sikanin ɗin hanta da gwajin jini na AFP, masu neman alamar kansar hanta, duk wata shida, musamman in ya haura 40 ko an taɓa yin kansar hanta a danginsu. Ke da su Khalil fa, an gwada ku? In baku da ita allurar rigakafi uku ce, kuje a fara muku.