Yawon keke a gonakin inabin Faransa: in je ko in ce cikina ya ɓaci?

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Wurin aikinmu sun tura ni kwas na mako biyu kan adana kayan lambu a birnin Dijon na Faransa, farkon Satumba. Jiya aka turo jadawali, sai na ga ranar Asabar an sa mana yawon keke yini guda cikin gonakin inabi, daga Beaune zuwa Santenay. Shekarata 46, rabona da keke tun Phoenix ɗin babanmu da nake kai markaɗe a kansa. Ga shi kuma yankin da giya aka san shi, ni ko ban taɓa kai ta bakina ba. Akwai wanda ya taɓa bin hanyar? In je, ko in ce cikina ya ɓaci in kwanta a masauki?

Baban Hanifa, Rayfield:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka jawo wa kanka ciwon da Allah bai ɗora maka ba. Na girme ka da shekara goma sha, kuma na bi hanyar nan da na je duba 'yata tana karatu a Dijon.

Daga Dijon jirgin ƙasa za ku shiga, kafin rabin awa kun sauka Beaune, su Bon suke cewa. Tafiyar kilomita 20 ce da 'yan kai, kamar ka tashi daga Terminus a Jos ka wuce Bukuru ka ɗan ƙara gaba. Yawanci siririyar kwalta ce ta manoma, mota jefi-jefi, kuma hannun dama suke bi kamar mu. Ƙauyukan a jere suke, Pommard, Volnay, Meursault, Puligny, Chassagne, kafin ka gaji da ɗaya hasumiyar cocin na gaba ta leƙo. Hawan da ya sa ni haki shi ne na wajen Volnay, na sauka na tura abina, babu wanda ya kalle ni sau biyu.

Tunda aikin gona ne sana'arka, kai ne ma ya fi dacewa ka je. Kurangar ba ta wuce ƙugu ba, an ɗaure ta a waya, tsakanin layi da layi taku ɗaya, har wajen gindi 10,000 a hekta guda. Motar nomansu doguwar ƙafa gare ta, ta ware ta bi ta saman layi ba ta taɓa ganye. Ƙasar kuwa tsakuwa ce fara, da a Filato ne sai ka ce ko acca ba za ta yi ba. Kowane yanki da sunansa, wasu har da katangar dutse, an ƙirga su 1,247, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Ka duƙa ka duba gindin itacen, za ka ga kumburin aure. A ƙarni na 19 wani ɗan ƙwaro daga Amurka ya ci saiwar inabin Faransa kusan kaf, maganin da suka samu shi ne aura nasu a kan saiwar na Amurka, har yau haka ake yi.

Ni lokacin girbi na faɗa. Mutane sun sunkuya cikin layi da 'yan almakasai, wani ƙato na zagayawa da kwando a baya ana juye masa. Wata tsohuwa ta ga na tsaya ina kallo, ta yanko nono guda ta miƙo min ta saman katanga. 'Ya'yan ƙanana ne baƙaƙe, a cure, fata da kauri, ga ƙwallo, amma zaƙi har maƙogwaro. Yatsuna suna danƙo a kan birki har Meursault.

Wautar da na yi ita ce fita ba guzuri. Na isa Meursault ƙarfe ɗaya saura, gidan burodin da na dosa ya rufe don hutun rana. Na shiga gidan abinci, naman shanun da suke taƙama da shi cikin jar giya ake dafa shi, ƙwai ma haka, ɗaya abincin kuma alade ne da ganye. Dankali soyayye da latas na ci, ni da na baro dankali a Farin Gada. Ka sayi burodi da cuku da ayaba tun a Beaune. Ruwa kuwa, maƙabartun ƙauyukan galibi da famfo a bakin ƙofa, 'yan keke na ɗura a nan, sai dai in ka ga an rubuta non potable ka bar shi. A gindin wata katanga na yi alwala da gorata na yi azahar.

Almajirin Dilimi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a bar ni in tsoma baki. Kallon gona ba laifi, inabi halittar Allah ce. Sai dai irin wannan yawon da ɗanɗano ake rufe shi, a sauka ɗakin ƙasa inda gangunan suke a zagaya da kofi. Hadisi ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗauka da mai sayarwa, an kuma hana zama a teburin da ake shanta. Yaya, ka rubuta wa mai shirya tafiyar tun yanzu ka ce ba za ka shiga wannan ɓangaren ba. Kar ka bari sai an miƙo maka kofi kunya ta kama ka. Kuma kar wani abokin aiki ya ce ka riƙo masa kwalba a kwandon kekenka.

Baban Hanifa, Rayfield:
Malam ya yi gaskiya. Ni da suka sauka ƙasa, waje na zauna kan dakali, mai wurin ya aiko min da ruwan inabi ɗanye wanda aka matse ranar. Ko in an koma Beaune ka zame ka shiga tsohon asibitin da aka gina a 1443, mai rufin tayil kala-kala, ya ishe ka awa guda.

Mai Facin Farin Gada:
Oga, ni giyar da nake ji maka ita ce ta keken. Phoenix ba shi da ko ɗaya, wanda za su ba ka zai yi 21 ko fiye, in ba ka iya canzawa ba a hawa kaca za ta zame ka tsaya kana baƙin mai. Ƙafa ba za ta ba ka matsala ba, mazaunai ne za su yi kuka. Ka ari keke ka riƙa zuwa Bukuru duk Asabar da sassafe kafin 'yan Keke Napep su cika titi. Sirdi ya zo daidai ƙugunka in kana tsaye. In sun ce akwai mai batir, karɓa, ba gasa ka je ba.

Ɗan Anguwar Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa matar da ke shirya tafiyar saƙo, ta ce mu uku ne ba ma sha, har da wani ɗan Senegal, kuma ta rubuta min mai batir. Mai Faci, ƙanen matata na da keke a jingine tun bara, tayar baya ta sace. Asabar ƙarfe nawa kake buɗewa?