Dan Allah a taimaka min da wannan kalmar "get", ta hana ni sakat

Assalamu alaikum 'yan gida. Ni nas ce, ina shirin rubuta jarabawar Turanci ta IELTS nan da wata biyu kuma wallahi kalma ɗaya ce take neman haukata ni, "get". A makaranta an koya mana ma'anarta samu, shikenan na riƙe. To rannan ina gwajin listening (ɓangaren sauraro) sai naji mutumin yace "did you get that?" na zauna ina tunanin wane kaya aka aiko da ban karɓa ba, ashe tambaya yake ko na gane. Kafin in dawo hayyacina tambaya uku sun wuce. Haddace ma'anonin zan yi ɗaya bayan ɗaya ko akwai wata dabara?

Malamin Turanci:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Kar ki haddace, ba za su ƙare ba. Ki riƙa duban abin da ya biyo bayanta kawai. In sunan abu ne, yawanci samu ne ko ɗauko, "I got a letter" na samu wasiƙa, "get me water" ɗebo min ruwa. In siffa ce ta biyo to zama kenan, "he got angry" ya fusata, "I got tired" na gaji, babu abin da aka samu a nan, hali ne ya canza. In wuri ne, isa, "I got home late" ban isa gida da wuri ba. Sai wadda ɗalibaina suka fi faɗawa rami, "I got my phone fixed", ba ke kika gyara wayar ba, kai wa mai gyara kika yi ya gyara miki.

Maman 'yan biyu:
Hhh ni dai abin da ya kwantar min da hankali shine da na tuna muma haka muke wa masu koyon Hausa. Ki ɗauki "ci" mana. Ci tuwo, ci jarabawa, ci bashi, ci amana, ci kasuwa, ci mutunci, ci zaɓe, wuta ta ci gida. Ko "sha", a sha ruwa a sha iska a sha wahala a sha kashi, har alwashi shan sa ake yi. Akwai wanda ya taɓa zaunar dake ya haddatar miki? A baki kika ji har ya zauna.

Ɗan Kwari:
Anti ki yi hattara da Turancin kasuwa fa, mu a nan "you get change?" kana da canji kenan, wannan buroka ne, kar ki kai shi gaban mai jarabawa.

Nas a Ingila:
Ƙanwata na bi hanyar nan. Inda ta fi wahala shine in aka liƙa mata ƙaramar kalma a baya, nan ma'anar take juyewa gaba ɗaya. "Get over" warkewa daga ciwo ko dangana bayan wani rashi, "get along" jituwa, "get by" lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, "get away with" mutum yayi laifi ya sha. Bas da jirgi "get on" da "get off" ake cewa amma ƙaramar mota "get in" da "get out", kar ki tambaye ni dalili, haka suka gada. A asibiti kuma kullum sai kin ji "she's getting better" ko "getting worse". Ki samu ƙaramin littafi, duk jimlar da kika ji ki rubuta ta cikakkiya ba kalmar kaɗai ba. A speaking (ɓangaren magana) ki sake da ita, amma a writing (ɓangaren rubutu) ki rage, ki sa receive, obtain ko become. Hukumar nas-nas ta nan, NMC, maki 7 take nema a sauran ɓangarorin IELTS, writing 6.5, kuma a writing ɗin na faɗi karon farko.

Malamin Turanci:
Kuma "get" ba ita ce sarauniyar ba. A babban ƙamus na Oxford bugun 1989 "set" ma'ana 430 aka lissafa mata, da aka sabunta "run" a 2011 ta kai 645 a matsayin aikatau kaɗai.

Mai tambaya:
645?? Malam ka bar ni da tawa dan Allah. Nagode muku sosai, Allah ya saka da alheri. Anti ta Ingila zan biyo ki ta akwati akan writing ɗin nan, I got it yanzu.