Ko ɗan adam yana iya sa wa Allah albarka?

Dattijon ikkilisiya: Salama gare ku duka. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun sujadar Lahadi. Da aka zo lokacin yabo sai aka ce, "Ku tashi mu albarkaci Ubangiji." Na tashi, amma zuciyata ba ta tashi ba. Ibraniyawa 7:7 ba ta yi kwana-kwana ba: babba ne yake sa wa ƙarami albarka. Ishaku ya sa wa Yakubu, Yakubu ya sa wa 'ya'yansa goma sha biyu, Haruna da 'ya'yansa suka sa wa jama'a. Albarka daga sama take gangarowa. Mu da aka yi da ƙurar ƙasa, me muke da shi da za mu sa wa Mahalicci? A ce "mu yabi Ubangiji", a tsaya nan.

Shugabar mawaƙa: Baba, ni ce na faɗa, kuma ba daga kaina na ƙago ba. Da Zabura 103 na buɗe, inda Dawuda yake ce wa ransa ya albarkaci Ubangiji. A ƙarshenta ma har mala'iku da dukan halitta ya kira su yi haka.

Dattijon ikkilisiya: 'Yata, a fassarar da ke hannuna "yabo" aka rubuta a wurin nan.

Ɗalibin tauhidi: Baba, ku yi haƙuri in sa baki. Fassarori sun bambanta a nan, amma kalmar Ibrananci ɗaya ce, barak. Ita ce a Littafin Ƙidaya 6:24 inda firist yake roƙon Ubangiji ya sa wa jama'a albarka, ita ce kuma a bakin Dawuda. Tushenta ɗaya da na Larabcin da ya ba mu "albarka" da "barka". Yabo yana da tasa kalmar daban, halal, wadda ta haifi Halleluya. Ku duba Zabura 134, ayoyi uku ne kacal. A biyun farko ana kiran bayin da ke tsaye da dare a Haikali su yi wa Ubangiji barak. A ta uku sai a juyo a ce Ubangiji ya yi maka barak daga Sihiyona. Kalma ɗaya, ta hau, ta sauko.

Dattijon ikkilisiya: To Ibraniyawa 7:7 fa? A share ta?

Ɗalibin tauhidi: Ko kaɗan. Amma a kan wane labari take magana? Malkisadik, firist na Allah Maɗaukaki, da Ibrahim, Farawa 14. A aya ta 19 Malkisadik ya sa wa Ibrahim albarka. A aya ta 20, bai ko sauke numfashi ba, ya ce albarka ta tabbata ga Allah Maɗaukaki wanda ya ba da maƙiyanka a hannunka. Marubucin Ibraniyawa ya san aya ta 20 sarai. Abin da yake nunawa shi ne firistancin Malkisadik ya fi na Lawi, kabilar da firistocin Isra'ila suka fito. Da dokar nan ta shafi kowace fuska, da Malkisadik ya fi Allah ke nan, kuma ba wanda zai faɗi haka.

Malamin makarantar Lahadi: Ni na taɓa jin cewa barak ma'anarta durƙusawa, domin gwiwa a Ibrananci berek ce. Ke nan albarkatar Allah durƙusawa ce a gabansa, magana ta ƙare.

Ɗalibin tauhidi: Malam, baƙaƙen iri ɗaya ne, kuma a Zabura 95:6 durƙusawa ake nufi. Sai dai masana harshen sun rabu kan ko tushe ɗaya ne ko biyu. A Farawa 24:11 raƙuma ne suka durƙusa. Kada mu ɗora koyarwa gaba ɗaya a kan wannan.

Fasto mai ritaya: Ɗan'uwana dattijo, damuwarka tana da tushe, kada yaran nan su ɗauka ba ta da shi. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ba ya bukatar hidimar hannun mutum kamar ya rasa wani abu, Ayyukan Manzanni 17:25. Nehemiya 9:5 kuma ta ce sunansa ya fi gaban dukan albarka da yabo. Bambancin yana nan: in Allah ya sa albarka, abu yakan faru. Ya albarkaci mutum a Farawa 1:28, haihuwa ta samu, duniya ta cika. In mu muka albarkace shi, ba abin da ya ƙaru gare shi. Muna furtawa ne da baki cewa abin da ke hannunmu daga wurinsa ya fito. Shi ya sa ban yarda kalmar "yabo" ta ɗauke nauyin duka ba. Kana iya yabon gwanin da bai taɓa yi maka komai ba. Amma Maimaitawar Shari'a 8:10 ta ce in ka ci ka ƙoshi, ka albarkaci Ubangiji saboda kyakkyawar ƙasar da ya ba ka, sannan a aya ta 17 ta ja kunne kada ka ce ƙarfin hannuna ne ya samo mini wannan dukiya. Wannan amsar wanda ya karɓa ce. Afisawa 1:3 ma haka ta jera su a Helenanci: albarka ta tabbata ga Allah, wanda ya albarkace mu da kowace albarka. Shi ya fara, mu muka amsa.

Matashi a ƙungiyar bishara: Baba Fasto, ni a ganina har ya wuce amsa. Ai ana cewa in yabo ya hau, albarka ta sauko. Yehoshafat sarkin Yahuza ya sa mawaƙa gaban rundunar yaƙi, suna fara waƙa Allah ya tarwatsa maƙiya, 2 Tarihi 20:22. Bulus da Sila suka yi waƙa da tsakar dare, ƙofofin kurkuku suka buɗe. Yabo mabuɗi ne. Wanda ya albarkaci Allah sosai zai ga buɗi.

Wata uwa: Ɗana, bari in gaya maka abin da na gani. Wata bakwai na yi ina jinyar mijina. Ba daren da ban yi waƙar yabo a gefen gadonsa ba. Ya rasu. Daga baya wata ta zo mini ta'aziyya, cikin kyakkyawar niyya ta ce wataƙila yabona ne bai kai ba. Wannan kalma ta fi mutuwar ciwo, na kusa daina zuwa sujada. Abin da ya riƙe ni Ayuba ne. A rana ɗaya ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma, ya faɗi ƙasa ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, albarka ta tabbata ga sunan Ubangiji. Wace ƙofa ce ta buɗe masa a ranar? Bayan wannan ma miyakun jikinsa suka zo. In yabo ciniki ne, to Shaiɗan ya yi gaskiya da ya tambaya ko Ayuba a banza yake tsoron Allah.

Matashi a ƙungiyar bishara: Mama, Allah ya ƙara miki ta'aziyya, ban faɗa don in taɓa miki ciwo ba. Amma labaran nan biyu suna cikin Littafi, ba zan iya cewa ba su faru ba.

Fasto mai ritaya: Sun faru, ɗana. Amma karanta su har ƙarshe. Allah ya riga ya yi wa Yehoshafat alkawarin nasara ta bakin Yahaziyel tun kafin a rera waƙa ko ɗaya. A rana ta huɗu kuma suka taru suka albarkaci Ubangiji a kwarin da aka sa wa suna Beraka, wato albarka. Bulus da Sila kuwa, da ƙofofi suka buɗe ba su gudu ba. Wanda ya yi waƙa don ƙofa ta buɗe, da ta buɗe ai fita zai yi.

Matashi a ƙungiyar bishara: Na Bulus ɗin ban taɓa lura da shi ba. Na Yehoshafat zan sake karantawa, don har yanzu ina ganin aya ta 22 ta haɗa waƙar da nasarar.

Dattijon ikkilisiya: Farawa 14:20 ta kama ni, ba zan yi gardama da Nassi ba. Amma kunnen mai sauraro fa? A harshenmu wanda ya ce "na sa maka albarka" yana sama da kai ne. Sabon mai bi da ya shigo ya ji ana cewa mu albarkaci Allah, me zai tafi da shi gida? Ni dai bakina zai ci gaba da cewa "albarka ta tabbata ga Allah", kamar yadda Zakariya ya faɗa a Luka 1:68. Wannan ya fi kwanta mini.

Shugabar mawaƙa: Na ji, Baba. Lahadi mai zuwa kafin in kira jama'a su tashi, zan karanta Zabura 103 daga aya ta 2 zuwa ta 5, inda Dawuda ya lissafa gafara da warkarwa da fansa daga kabari, don a ji abin da muke amsawa. Amma kalmar kam ba zan cire ta ba.