Ɗaga ƙarfe kullum ya isa shirin kokawar Takobi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ni matashi ne a nan Damagaram, nauyina kilo 80, kuma ina fatan shiga zaɓen 'yan kokawar da za su wakilci jiharmu a gasar Takobi, wato gasar kokawar gargajiya ta ƙasar Nijar, wadda aka saba yi wajen ƙarshen watan Disamba. A fadarmu, wato majalisar da muke zaman hira, muna da ƙarfen da muka haɗa da siminti da rodi, kuma kowace safiya ina ɗaga shi har hannuna ya ƙi. Ƙirjina da damatsana sun cika, amma idan na kama kokawa da abokaina numfashina yana yankewa da wuri, kafaɗata ta dama kuma ta fara ciwo. Shin in ƙara nauyin ƙarfen ne, ko akwai abin da ya kamata in sauya? Wani kuma ya ba ni shawarar shan ƙwayoyin da ke sa jiki ya buɗe.

Tsohon Ɗan Kokawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tun da aka fara gasar nan a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ba girman ƙirji ke raba gardama ba. Jihohi takwas ne ke zuwa, kowace da 'yan kokawa goma, ba a raba su bisa nauyi, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Ke nan wanda zai kai ƙarshe dole ne ya yi kwanaki a jere yana karawa da mutane masu jiki iri-iri ba tare da ƙafarsa ta gaza ba.

Ƙarfin ɗan kokawa yana cikin cinya da ƙugu da gadon baya da yatsu, kai kuwa saman jikinka kaɗai kake gina wa, kamar mai ɗora soro a kan katangar da ba ta bushe ba. Ka rage ƙarfe zuwa kwana uku a mako, kuma a waɗannan kwanaki ka fi ba da ƙarfi ga tsugunno da nauyi a kafaɗa da ɗaga nauyi daga ƙasa. Sauran safiyoyin ka yi gudu a cikin rairayi bayan sallar asuba, wani lokaci mai nisa a hankali, wani lokaci gajere da matuƙar sauri kana maimaitawa. Da la'asar sakaliya ka nemi abokan karawa, musamman waɗanda suka fi ka nauyi, domin kamu da goce wa kamu ba a koyonsu sai a jikin mutum. Idan ka samu dama ka je filin kokawa na Langa-Langa da ke Damagaram ka zauna kusa da manya ka ga yadda suke dasa ƙafa.

Malama Mai Jinya:
Baba ya gama magana a kan atisaye, ni kuma zan tsaya a kan kafaɗa da ƙwaya. Ƙanena, tsoka ba ta girma a lokacin da kake ɗaga ƙarfe, sai a lokacin da kake hutawa, kuma wadda aka wahalar sosai tana bukatar kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Ciwon da kake ji alama ce ta rashin wannan hutu. Ka daina duk motsin da ke tayar da shi, idan kuma ya wuce mako biyu, ko yana hana ka barci, ka je a duba ka.

Ƙwayar da ake sayarwa a tebur don ƙiba sau da yawa dezametazon ce, wadda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki alhali tana zaizaye tsoka da ƙashi. Alluran gina jiki kuma suna taɓa hanta da zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa. Ita ma tiramadol, tun watan Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta ta a lokacin gasa. Abincinmu ya wadatar: mai atisaye irinka yana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 1.6 ga kowane kilo na jikinsa, wato kusan giram 130 a yini, alhali ƙwan kaza ɗaya giram shida ne. Saboda haka sai ka haɗa wake da nono da ƙuli-ƙuli da fara, da nama ko kilishi idan hali ya yi, ka raba su a kan cin safe da rana da dare.

Ɗan Birni:
Na gode, Baba, na gode, Yaya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne rage atisaye yayin da abokan hamayya ke ƙarawa.

Tsohon Ɗan Kokawa:
Wannan tsoron ne ke kai yara fili da gajiya a jiki. Aiki mai tsanani na watannin farko ne, amma a mako ɗaya ko biyu na ƙarshe ana rage yawansa sosai, a bar kamu mai zafi kaɗan don kada jiki ya yi sanyi. Abu mafi wuya kuwa shi ne barin hirar fada da shayin dare, domin wanda zai fita gudu da asuba dole ne ya kwanta jim kaɗan bayan isha'i. Kuma hunturu yana ɓoye ƙishirwa, don haka ka riƙa zuwa wurin atisaye da gorar ruwanka ko da ba ka jin bukata.