Wace kalma za mu ba "sepsis" da Hausa?

1. Jama'a, barkanmu da war haka. Sanƙarau, ƙyanda da shawara duk suna da sunansu a bakinmu. Amma cutar da likitoci ke kira sepsis, wadda ke cikin manyan masu kashe jarirai a kwana 28 na farko, har yau ba ta da tsayayyen suna. Ma'aikacin lafiya sai ya yi ta kewaye-kewaye, uwa ta fita ba ta gane girman abin ba.

2. Ga yadda take: ƙwayoyin cuta su shiga ta cibiya, ko fata, ko huhu, ko tun wajen haihuwa idan faya ta fashe aka daɗe ba a haihu ba. Sai su bazu, jiki ya tashi yaƙi da su, yaƙin ya koma yana lalata sassan jikin da kansa.

3. Wani malami ya ce a kira ta "gubar jini". Allah ya ƙara basira Malam, amma ina jin tsoronta. Da Bahaushe ya ji guba, sammu zai tuna, a shiga neman makari, a ɗura wa jaririn da ko tsotso ba ya iyawa jiƙe-jiƙe.

4. "Zazzaɓin jarirai" ta fi haɗari. Wani jaririn jikinsa ba zafi yake yi ba, sanyi yake yi ƙalau, ya sauka ƙasa da 35.5 a ma'aunin zafin jiki. Kaka ta taɓa goshi ta ce ai babu zazzaɓi, a bari a gama suna. Kwana bakwai kuwa sun yi yawa, wannan ciwo cikin sa'o'i yake kayar da yaro.

"Ciwon cibiya" ƙofa ɗaya kawai ta nuna. "Ruɓewar jini" kuma tana sa uwa ta fid da rai, alhali alluran kashe ƙwayoyin cuta na ampicillin da gentamicin suna ceto idan an zo da wuri.

5. Ni na tsaya kan "mamayar cuta". Mamaya tana zuwa ba shiri, ta game ko'ina, kuma babu mai jin an mamaye shi ya koma ya kwanta. Ungozoma za ta iya cewa: "Hajiya, idan ya ƙi nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko yana jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, mamayar cuta muke tsoro. A tafi asibiti yanzu, ko tsakar dare ne." Ta ƙara da cewa a bar gashin cibiya da tsumma da shafa man goge baki, a sa chlorhexidine kaɗai, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa cibiya.

6. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, me ungozomominku ke ce mata idan sun ajiye Faransanci? In kuna da wadda iyaye mata suka riga suka saba da ita, ku kawo, ita za mu ɗauka.