Dashen ƙoda: abin da aka tattauna a taƙaice

Jama'ar Damagaram, ga abin da na tsinto daga doguwar hirar da aka yi kan yadda wanda aka dasa wa ƙoda zai kula da kansa.

1. Kowa ya yarda ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta sinadaran da ake kira saitokin. Ɗaya daga cikinsu, intalukin-2, shi ke yi wa ƙwayoyin T (wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki) gangami, su hayayyafa, su afka wa baƙuwar ƙoda. Takrolimus da siklosporin, magungunan hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, wannan kiran suke toshewa, shi ya sa tsallake magani ko na kwana biyu ganganci ne. A cikin saitokin akwai kuma masu kwantar da tarzoma, irin su intalukin-10.

2. A riƙa gwajin kiriyatinin, wato gwajin jinin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki, a kan lokaci. Ƙoda tana iya lalacewa ba tare da wani ciwo ba.

3. Rifampisin, maganin tarin fuka, yana rage takrolimus a jini. Gudawa kuwa tana iya sa ya haura. Duka biyun a gaya wa likita.

4. Jiƙo da sassaƙe: kusan kowa ya ce a'a.

5. Azumi ne ya raba kawuna. Wasu sun ce likita zai iya gyara lokacin shan magani, wasu sun ce a haƙura shekarar farko bayan dashe. Ni dai, da zafin bazarar Zinder, ina bayan na biyun.