Ƙungiyar masu gyaran magana, wai me take sa wa a gaba ne?

Maman Twins:
Salam 'yan uwa, ƙanina ke son karanta gyaran magana, irin masu taimakon yara masu in'ina da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta riƙe musu harshe. Wai SPAAN ce ke ba da lasisi ko yaya abin yake?

Abu Hanifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, lasisi na hannun MRTB ne, hukumar gwamnati da aka kafa da dokar 1988, su ke rijistar 'yan fisiyo (masu gashin ƙashi) ma. SPAAN ƙungiyar masu sana'ar ce, su da masu gwajin ji, mambobi ke zaɓen shugabanni, aikinta taro da horaswa da matsa wa gwamnati lamba ta ɗauki ma'aikata.

Ɗan Zariya:
Ni dai da za su ji tawa wallahi kayan gwaji da Hausa ya kamata su fara yi, an kai yaron maƙwabcinmu aka riƙa nuna masa hoto ana cewa ya faɗi sunansa da Turanci alhali ko "ƙofa" bai iya fitarwa ba, to ta ina za a gane matsalar?

Abu Hanifa:
Gaskiya ne malam, amma sai 'yan Arewa sun shiga sun biya kuɗin mamba sannan za a ji muryarsu a zaɓe.

Maman Twins:
Na gode, Allah ya saka da alheri, bari in tura masa.